A Beljiyam biyanka ake yi ka hau keke

Da takardar albashina ta farko ta fito a sabon wurin aiki, sai na ga wani layi na kuɗi da ban san da zamansa ba. Kuɗin da ba ka san asalinsa ba a ƙasar Turawa tsoro yake ba ka, don ranar da za su dawo karɓar abinsu ba sa jin magiya. Na ɗauki takardar na nufi ofishin kula da ma'aikata. Matar da ke wurin ta duba, ta ce ai kuɗin kekena ne. Na ce ni ban sayar wa kowa keke ba. Ta yi dariya, ta juyo mini fuskar kwamfuta: ga taswira daga ƙofar gidana zuwa ƙofar ma'ajiyar kayan da nake aiki kusa da tashar jiragen ruwa ta Antwerp, an auna nisan, an ninka shi da ranakun da na rubuta cewa a keke na zo.

Kuma ba alherin mai kamfani ba ne. Tun 1 ga Mayun 2023 wata yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da na masu kamfanoni ta wajabta biyan ma'aikacin da ke zuwa aiki a keke, in ɓangaren sana'arsa ba shi da nasa tsarin, ta fara da santi 27 na yuro a kowace kilomita, har kilomita 40 a rana. A 2024 gwamnati ta ɗaga adadin da ba a taɓa shi da haraji zuwa santi 35. Wanda gidansa ke da nisan kilomita 10, in ya yi kwana 20 a wata kuma kamfaninsa na biyan santi 35 ɗin zuwa da dawowa, yuro 140 ke nan. Sai ka zauna a nan za ka san darajar kuɗin da ba haraji a kansa, domin kashi 13.07 cikin ɗari na albashi asusun kula da jama'a yake tafiya tun kafin mai haraji ya miƙo nasa hannun.

A wurin aikinmu akwai rumfar kekuna mai makulli, da wurin cajin masu batir, da banɗakin wanka ga wanda ya iso da gumi. Wanda ke son keke mai tsada, kamfani zai ɗauko masa haya, a riƙa cire kuɗin daga albashi kafin a lissafa haraji, yawanci shekara uku, daga nan ya cika ɗan abin da ya rage keken ya zama nasa. Shugaban sashenmu, mutumin da sa hannunsa ke sallamar ma'aikaci, a irin wannan keken yake zuwa, ya naɗe ƙafar wando cikin safa.

Farin ciki ya sa na tura hotona cikin zauren WhatsApp na gidanmu, da hular kwano da rigar ruwa mai ƙyalli. Ba a jima ba sai ga kiran Yaya.

"Kai, lafiya? Aikin ne ya lalace?"

"Lafiya lau, Yaya. Biyana ma ake yi."

"To ka cire hoton nan kafin Hajiya ta gani. Mutane na cewa ɗanta na Turai, kai kuma kana tura mana keke. Ka tsaya ko jikin motar wani ne ka ɗauka mana."

Na cire, don ba a musu da babba. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Mahaifinmu a keke ƙirar Raleigh ya yi aikin koyarwa, yana goge keken da tsumma kowace safiya, ba wanda ya raina shi. Yaushe keke ya zama abin kunya a wurinmu? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ma'aikaci a Kano yana zuba kaso mai tsoka na albashinsa a Adaidaita Sahu, ga gari shimfiɗe ba tudu ba gangare, amma gara ya ci bashi da a gan shi yana taka feda. Ko da yake ba girman kai kaɗai ba ne. Wa zai shiga titin Zariya a keke da safe ya tabbatar zai koma gida da ƙafafunsa? Ministan sufuri ma, marigayi Ojo Maduekwe, da ya fito yana kiran jama'a su hau keke a 2001, mota ce ta ture shi a Abuja. A nan keke yana da hanyarsa daban, da danjarsa, har da ramin da ya ratsa ƙarƙashin kogin Schelde tun 1933, masu ƙafa da masu keke kaɗai ke bi.

Kada dai ku yi wa rogo kallon kitse. Santi 35 ba ya hana ruwan sama, kuma ruwan nan ba shi da damina ba shi da rani. Iskar bakin kogi in ta tunkaro ka da asuba cikin hunturu, kana taka feda kana hawaye, yatsu sun ƙage ko birki ba sa iya matsewa. Ga layin taragon cikin gari da ke cafke tayar gaba ya kayar da mutum a gaban jama'a. Ga ɓarayin keke, waɗanda ke sa ka sayi sarƙar da ta kusa kai kuɗin tsohon keken kanta.

Abin da ya fi ci mini rai gyara ne. Tayata ta yi faci, na tura keken zuwa wani shago. Mai shagon ko ɗagowa bai yi sosai ba, ya buɗe littafi ya ce in kawo mako mai zuwa. Faci! Kuma ba ya liƙewa, sabon tib zai sa, kuɗin hannunsa ya fi na tib ɗin. Nan take na tuna mai facin bakin layinmu a ƙarƙashin dalbejiya, da kwanon ruwansa da ya yi baƙi. Ya hura tib ya nutsa, inda kumfa ta taso ya soka tsinken ashana, ya kankare, ya shafa gam, ya danne da ɗan yatsa, kafin ku gama gaisawa da tambayar iyali ya mayar da taya. In ba ka da canji ya ce ka kawo gobe. A nan a ƙafa na tura keken har gida, na sayi kayan faci, na zauna a tsakar ɗaki da robar wanke-wanke ina neman kumfa. Ranakun da na hau bas kafin in gyara kuwa, ko santi ɗaya ba a ba ni ba, don abin da ka taka shi ake biya.