FL Studio, Cubase ko Reaper: wacce ta cancanci kuɗin mai situdiyo a Zango?

Yaron da ke koyon aiki a ɗan situdiyona na Mamobi a Akara ya shigo ran nan bayan la'asar, ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya nuna mini abin da ya tara a MoMo. Wata bakwai ya yi yana tarawa, daga kuɗin waƙoƙin aure da tallan shaguna. Ya ce, "Masta, na gaji da kirak. Wacce zan saya?" Manhajar haɗa kiɗa da ɗaukar murya yake nufi, kirak kuwa shi ne kwafin sata da ba a biya kuɗinsa ba. Na ce ya jawo kujera, don wannan tambaya ba a amsa ta a tsaye. Abin da na gaya masa shi zan faɗaɗa a nan, saboda irinsa suna da yawa a Nima, Sabon Zango, Fadama da Madina, har Aboabo da Asawase can Kumasi.

Kafin mu taɓa sunan kowace manhaja sai da na tambaye shi aikin da ke kawo masa abinci. Mai haɗa kiɗa yana sayar wa mawaƙa daban yake da wanda yininsa ke ƙarewa wajen ɗaukar murya: mai ƙasida da 'yan amshinsa, malami mai wa'azi, ko mai tallan magani. Duka manyan manhajojin suna iya aikin biyu, amma kowacce da inda hannunta ya fi faɗawa, kuma wanda ya saya ba tare da duba wannan ba zai yi shekaru yana kokawa da kayan aikinsa.

Idan kiɗa ne sana'arka, FL Studio ce ta farko da za ka duba. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ke yin ta, kuma tsofaffin hannu sun san ta tun tana FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990. Allon da ake jera sauti a kai yana da sauƙin hannu ƙwarai. Ka zana ganga, ka zana bas, cikin minti goma ka ji abu ya fara motsi. Ƙarar log drum ɗin nan ta amapiano da ta cika gari, a cikin ɗan kayan kiɗanta mai suna Fruity DX10 take zaune. Sai dai abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin sayar da ita: ka biya sau ɗaya, duk sabon fitowa kyauta ne har iya rayuwarka. Wanda ya saya shekara goma da suka wuce, yau sabuwar ce a kwamfutarsa, bai ƙara ko kwabo ba. Lasisin kuma yana aiki a Windows da Mac, tunda daga 2018 ta fara gudu a Mac kai tsaye.

Akwai rami ɗaya da mutanenmu ke yawan faɗawa. Mataki mafi araha, wato Fruity, wajen dala 100 ne, amma ba ya ɗaukar murya daga makirfo. Ka saye shi, mawaƙi ya zo ya tsaya gaban makirfo, ka tarar ba ƙofa. Matakin Producer, wanda ke wajen dala 200, shi ne farkon na mai situdiyo. Na sama da shi, Signature, yana zuwa da NewTone da Pitcher na gyaran murya. Alherin abin shi ne idan ka fara da ƙarami kana son hawa, bambancin kuɗin kawai za ka cika. Ta gwaji ma ba ta da wa'adi: za ka yi kiɗa, ka fitar da shi a WAV ko MP3, har ka adana aikin, sai dai ba zai sake buɗuwa ba sai ranar da ka biya.

Cubase kuwa ta manya ce a wannan sana'a. Steinberg na Hambag a Jamus ya fitar da ita a 1989, shi ne kuma ya ƙirƙiro tsarin VST a 1996, wanda yawancin filogin ɗin da muke amfani da su yau, wato ƙananan kayan sauti da ake ƙara wa manhaja, ke hawa kansa. A ɗaukar murya ba na haɗa ta da FL. Idan mai waƙa ya maimaita baiti sau shida, Cubase za ta jera maka su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ka tsinci kalma mai kyau daga nan, numfashi mai kyau daga can, ka ɗinke su ba a ganin ɗinkin. VariAudio, wanda ke nuna maka muryar mutum gaɓa-gaɓa ka ɗaga ko ka sauke da hannu, yana cikin matakan Artist da Pro, babu shi a ƙaramin matakin Elements. Elements wajen dala 100 ne, Pro kuma ya haura dala 500. Tun Cubase 12 a 2022 an daina buƙatar 'yar makullin nan mai kama da filash da ake sokawa a kwamfuta, kuma lasisi ɗaya yana hawa kwamfuta uku. Inda take cizo shi ne sabuntawa: duk babban fitowa sai ka sake biya. Ba dole ba ne ka bi kowanne, ni kaina ina tsallake ɗaya ko biyu, amma ka sa wannan a lissafinka tun farko.

Wadda nake jin ba a yi mata adalci a unguwanninmu ita ce Reaper. Justin Frankel, wanda ya ƙirƙiri Winamp, shi ne ya kafa kamfanin Cockos da ke yin ta. Dala 60 ce ga mai amfanin kansa ko mai sana'ar da cinikinta bai wuce dala 20,000 a shekara ba, kuma gaskiya yawancinmu nan muka faɗa. Wanda ya wuce haka zai biya dala 225. Babu ƙaramin mataki da babba, duk abu ɗaya ake ba kowa. Ana gwada ta cikakkiya kwana 60. Lasisin yana ɗaukar manyan fitowa biyu, wato wanda ya saya a kan lamba 7 zai ci gaba da sabuntawa har ƙarshen lamba 8. Fayil ɗin saukewarta ƙarami ne, datar da za ka ƙona a 'yan bidiyoyin WhatsApp ta ishe shi, kuma tsohuwar laftof ba ta nishi da ita. Na taɓa ɗaukar masu mandiri takwas da jagoransu a kanta, a kwamfuta mai RAM 8, ba ta ko tari ba. Aibinta biyu ne. Ba ta zo da kayan kiɗan kirki ba, sai ka nemo naka. Fuskarta kuma ba ta da fara'a ga baƙo; makon farko za ka sha wuya kafin ka gane inda komai yake.

Sauran ba zan daɗe a kansu ba. Logic Pro dala 200 ce, cike take da kayan kiɗa, amma sai a na'urar Apple, don haka kuɗin na'urar ne ainihin farashinta. Ableton Live ta Balin tana da daɗi ga mai kiɗa a kan dandamali, ƙaramarta Live Lite kuma tana zuwa kyauta a cikin kwalin akwatin sauti na Focusrite Scarlett, kamar yadda Cubase AI ke zuwa da akwatunan sauti na Steinberg. Ka duba kwalinka da kyau, mutane da yawa sun jefar da takardar lasisi ba su sani ba. Pro Tools sai idan kana musayar aiki da manyan situdiyo ko masu fim.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato saye da haya. Kamfanoni da yawa sun koma tsarin biyan wata-wata, kuma idan ka ga dala 15 ko 25 a wata sai ka ga kamar sauƙi ne. Mu da muke karɓar sidi muna biya da dala mun san yadda abin yake. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura sidi 13. Wanda ya sayi kayansa tun farko bai ji komai ba. Mai haya kuwa kuɗin hayarsa ya ninka, alhali mai waƙar aure bai ƙara masa ko sidi ɗaya ba. Ranar da ka kasa biya kuma, tsofaffin ayyukanka za su buɗe babu filogin ɗin da ka gina su a kai. Ba mu kaɗai muke ƙin wannan ba: a Maris 2023 kamfanin Waves ya sanar cewa ya daina sayarwa sai haya, masu amfani suka yi caa a kansa, cikin 'yan kwanaki ya janye. Akwai hanya ta tsakiya da na yarda da ita, irin ta Splice, inda kake biya kaɗan-kaɗan har kuɗin ya cika abin ya zama naka, kuma kana iya dakatawa watan da aljihu ya yi sanyi. Wannan adashi ne, kowa ya san inda zai ƙare.

A filogin, abu ɗaya ne nake ganin ya cancanci kuɗin mai farawa: na daidaita murya. Auto-Tune na Antares, wanda ya fito a 1997, shi ne ke ba da wannan ƙarar da kunnen masu sauraron waƙoƙin Hausa na zamani ya saba da ita. Waves Tune Real-Time yana aiki makamancin haka, kuma yawanci ana samunsa da rangwame. Melodyne kuwa aikin hannu ne, a hankali, matakinsa na Essential wajen dala 100. A nan sai ka san mutanenka. Mai ƙasidar da ya koyi rerawa a kan salon Larabawa, irin Bayati ko Rast, yana taka wasu sautuka da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Idan ka ɗaure shi da gyara mai sauri, na'urar za ta fizge shi zuwa maɓalli mafi kusa, zaƙin ya tafi. Na ga dattijo ya cire abin kunne ya ce, "Ɗana, wannan ba muryata ba ce." Gaskiyarsa. Irin wannan murya da hannu ake taɓa ta, wurin da ya kauce kawai, sauran a bar masa abinsa. Kafin ka biya ma, gwada MAutoPitch ko Graillon na kyauta ka ji ko sun ishe ka.

Ragowar kusan duk akwai na kyauta masu kyau, halal, daga masu su. TDR Nova na tace sauti, Valhalla Supermassive na amsa-kuwwa, Vital da Surge XT na ƙirƙirar sauti, Youlean na auna ƙarfin waƙa kafin ka tura ta Spotify ko Audiomack. Wanda ya iya EQ na tace sauti da kwamfuresan daidaita ƙarfinsa da suka zo da manhajarsa ya fi wanda ya tara ɗari bai san ko ɗaya ba. Ka kula da Kontakt, filogin da ake kunna tarin sautukan kayan kiɗa a cikinsa: akwai Player na kyauta, akwai cikakke na kuɗi, kuma tarin sautuka da yawa ba sa aiki sai da cikakken. Wasu kayan kuma nauyinsu ya isa ya cinye datar wata, Omnisphere kaɗai ya haura gigabait 60. Kalangu kuwa, kada ka ɓata dalarka. Yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammata sauti ya hau ya sauka kamar magana, babu tarin sautin da ya kama wannan. Ka kira makaɗi daga unguwa, ka biya shi, ka kafa makirfo, ka ɗauki abin da ba wanda yake da shi sai kai.

Kafin ka danna saye, ka tabbatar filogin ɗin zai shiga manhajarka. Kowacce da tsarin filogin ɗinta: Logic AU take karɓa, Pro Tools AAX, Cubase VST, kuma Steinberg ya sanar tun 2022 cewa yana sallamar tsohon VST2, don haka ka nemi VST3. Ka duba yadda ake buɗe lasisin. Mai amfani da iLok Cloud, wato lasisin da ke zaune a intanet, yana buƙatar intanet muddin yana aiki, kuma ranar da dumsor ya ɗauke wuta ya tafi da rauta, ko laftof tana da caji aiki ya tsaya. Lasisin da ke zaune a cikin kwamfutar ya fi mana kwanciyar hankali.

Batun kirak ba zan yi kamar ban sani ba, da shi yawancinmu muka koyi aiki. Ni abin da ya raba ni da shi waƙar amarya ce. Daren Alhamis, aure ran Lahadi, wani filogin da wani mai gyara ya zuba mini ya rufe aikin gaba ɗaya, ya ƙi buɗuwa. Ba wanda zan kai wa kuka. Sai da na sake kiran mawaƙiyar daga Ashaiman muka ɗauka daga farko, na biya mata kuɗin mota, uwar amarya kuma ba ta sake kawo mini aiki ba. Ban da wannan, haƙƙin mutane ne, kuma mu ma ba ma jin daɗi idan aka kwashe waƙarmu a filash ana sayarwa ba a ba mu komai ba.

Idan za ka kasuwar Circle neman laftof ta hannu, ka tuna Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana son Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. Ka nemi SSD, da RAM 16 idan hali ya yi. Wajen biya, katin gh-link na cikin gida ne, sai Visa ko Mastercard da bankinka ya buɗe wa sayayyar waje, kuma ka bar ɗan rara saboda canjin banki da haraji. Filogin kuwa ka jira ƙarshen Nuwamba, lokacin rangwamen Black Friday. Kuma kada ka sabunta komai kana tsakiyar aikin mutane. Ka gama, ka fitar da kowane layi daban a WAV, ka ajiye a wani faifan, sannan ka taɓa.

Yaron nawa kiɗa ne ƙarfinsa, murya jefi-jefi yake ɗauka. Na ce ya sauke FL ta gwaji da Reaper, ya yi waƙa guda a kowacce kafin ya taɓa kuɗinsa. Bayan mako biyu ya dawo ya ce FL Producer. Muka saya da katina, ya turo mini kuɗin ta MoMo. Ragowar bai kai na Auto-Tune ba, sai ya sa MAutoPitch, ya sayi faifan ajiya na waje, ya ce sauran zai riƙe har Nuwamba.