Makarantar Rainon Yara: Tubalin Ƙasa ko Bulon Siminti?

Masu shirin buɗe makarantar rainon yara sun sha tambayata: da tubalin ƙasa za a gina, ko da bulon siminti?

Ni dai zafi nake fara dubawa. Yaro ɗan shekara 4 ba ya jure aji mai zafi a watan Afrilu. Sai ka ga zufa ta jiƙa masa riga, ya kwanta kan tabarma, karatu ya tsaya. Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana sannu a hankali, sai dare ya fitar da shi, shi ya sa aji ke da sanyi lokacin da yara ke ciki. Bulo da kwano a kansa kuwa sai da fanka, fanka kuma sai da wuta ko janareta. Mai zanen gine-gine Francis Kéré ya nuna hanya a makarantar Gando ta Burkina Faso a 2001: tubalin ƙasa da aka matse, aka ɗaga kwanon rufi sama da silin, iska na ratsawa tsakani.

Wajen kuɗi, ƙasa ta fi sauƙi idan akwai mai kyau a kusa, sai dai maginan da suka ƙware a kanta ba su da yawa. Bulo kuwa kowane birkila ya san shi.

Damina ce matsalar ƙasa. Dole harsashi ya zama na dutse ko kankare, rufi ya zarce bango sosai, a riƙa dubawa duk shekara.

Wanda yake garin zafi, wuta ba tabbas, kuma ya sami ƙwararren magini, tubalin ƙasa ya dace da shi. Mai gaggawa, ko mai fili inda ruwa ke kwanciya, ya ɗauki bulo, amma ya sa silin da manyan tagogi masu fuskantar juna.