Sharhi Kan Na'urar Sauti Mai Sanda: Tana Warware Bututan Kabon, Tana Kuma Guntule Su

Na shafe watanni ina aiki da wata na'urar girgiza ruwa da sauti mai ƙarfin wat 500, irin mai sandar titaniyom da ake tsomawa cikin ruwa, wadda ke karkarwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Aikin da na nufe ta da shi shi ne warware siraran bututan kabon da ake kira nanotub, waɗanda masanin Japan Sumio Iijima ya bayyana tsarinsu a 1991. Mai bango ɗaya daga cikinsu kaurinsa bai fi nanomita ɗaya ko biyu ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali tsawonsa kan kai maikuromita da dama (maikuromita ɗaya nanomita dubu ne), kuma sukan manne wa juna dami-dami, ta yadda motsawa da hannu ba ta raba su.

Ta fuskar rabawa, na'urar ba ta da makusa. Da zarar an zuba garin cikin ruwa mai sinadarin da ke aikin sabulu aka kunna ta, sai dunƙulen ya narke ya zama baƙin ruwa mai kama da tawada, cikin lokacin da na'urar sauti mai baho, wadda ake ajiye kwalbar samfurin a cikin ruwanta, ba za ta ko kusa ba.

Sai dai ƙarfin da ke raba damin shi ne kuma ke tsinka bututan, kuma littafin da ya zo da na'urar bai ce uffan a kan haka ba. Karkarwar sandar tana haifar da ƙananan ƙwayoyin kumfa da ke kumbura sannan su rufta farat ɗaya, har zafin cikinsu ya kai wajen digiri 5,000 na ɗan ƙiftawar ido. Ba zafin ne babban mai ɓarnar ba. Yayin da kumfar ke ruftawa, ruwan da ke kewaye da ita yana rugawa ciki, na kusa ya fi na nesa gudu, saboda haka bututun da ke wurin sai a fizgi bakinsa ɗaya fiye da ɗayan, ya tsinke wajen tsakiya. Jan yana ƙaruwa ne da tsawo, domin idan tsawon ya ninka, ƙarfin jan kan ninka kusan sau huɗu. Dogaye sosai ma lanƙwashewa suke yi kafin su karye. Wannan ne ya sa asarar tsawo ta fi muni a farkon aiki, daga baya ta lafa, har a kai tsawon da kumfar ba ta iya tsinkawa.

Na ga haka da idona a hotunan maikuroskof: ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin sandar ya fi kyan gani, amma bututansa guntaye ne, kuma siririyar fatar da na yi ta hanyar shimfiɗa bututan ba ta ɗaukar lantarki kamar ta dogayen, tunda guntaye sai sun yi yawa kafin su haɗu su zama hanya ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne allon da ke nuna jimlar makamashin da ya shiga ruwan. Da shi ya kamata a yi lissafi, a raba shi da yawan ruwan, domin minti goma a ƙaramar kwalba ba daidai yake da minti goma a babba ba. Tsarin kunnawa da kashewa bi da bi shi ma yana da amfani, ko da yake ba ya hana ruwan ɗumama sai an dasa kwalbar cikin ƙanƙara.

Ban da tsinka bututan, aibin na'urar biyu ne. Bakin sandar yana zaizayewa, ɓurɓushin titaniyom ya gauraya da samfurin, don haka dole a riƙa duba shi ana sauyawa. Ƙararta kuwa tana huda kunne, akwatin rage ƙara kuma daban ake sayensa.

Wanda ke neman guntayen bututa a warware ɗaya-ɗaya zai ji daɗinta. Mai buƙatar dogaye domin zare ko fata mai ɗaukar lantarki ya rage ƙarfinta, ya taƙaita lokaci, ya bar na'urar juyi mai tace dunƙule ta fitar da damin da ya rage.