Toshewar hanji: wane hoto ya cancanci kuɗinka?

Ciki ya kumbura, ga amai kore, ba bahaya ba tusa: likita kan gane toshewar hanji tun a gadon gwaji. Inda gizo ke saƙar shi ne gano abin da ya toshe shi, musamman ga wanda ba shi da ƙaba kuma ba a taɓa yi masa tiyata ba, tunda su ne sanannun dalilai.

Eksire shi ne mai araha, kusan kowane babban asibiti na da shi. A tsaye da a kwance ake ɗauka, ya nuna hanji cike da iska da ruwa. Yakan kama murɗewar babban hanji, amma galibi ba ya faɗin dalili.

Ga yara kuwa, sikanin (ultrasound, irin wanda ake yi wa masu juna biyu) ya fi. Jariri ɗan wata 3 zuwa shekara 3 mai tsala ihu lokaci-lokaci, yana kashi mai jini da majina, sau da yawa hanjinsa ne ya shige cikin kansa, sikanin kuma yana nuna hakan sarai. Yana ma iya nuna macijin ciki da ya dunƙule ya tare hanya. Sai dai iska na rufe masa gani, kuma ingancinsa na hannun mai dubawa.

CT, wato hoton na'urar da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, na da tsada, sai an dangana da manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano ko na Shika. Amma ga dattijo, a ganina gara a biya sau ɗaya da a yi ta kashe kuɗi a ƙananan hotuna. Shi ke nuna daidai gurbin da hanji ya tsuke, da ko jini na isa wurin. Shi ke tona dalilan da ba a cika gani ba: tsakuwar matsarmama da ta huda ta faɗa hanji, ƙabar da ke ɓuya a ƙugun tsofaffin mata ramammu, tibin ciki, ko ƙari. Akan duba lafiyar ƙoda kafin allurar ruwan hoton, a sa wannan a lissafi. Mai juna biyu ta faɗa tun da wuri, a koma sikanin ko MRI, wato hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu.

Idan ciki ya sandare, ga zazzaɓi, zuciya na bugu da sauri, wataƙila hanjin ya fara mutuwa. Likita in ya ce tiyata a lokacin, kada dangi su ce sai an jira hoto.