Lakar bakin teku da ta tsakiyar teku: wacce ta fi riƙe kabon?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko lakar ƙasan teku tana rage iskar kabon mai ɗumama duniya, kuma ta ina ce ta fi. Laka iri biyu ce.

A tsakiyar teku, ƙananan tsirrai da ke yawo a saman ruwa su ke zuƙar kabon, in sun mutu sai su nitse. Tafiyar ta kai kilomita 4, bakteriya kuwa na cinye su tun a hanya. Abin da ke kaiwa ga binnuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, lakar ma santimita kaɗan take hawa cikin shekara 1,000. Rumbu ne babba, amma cikarsa ba ta zamaninmu ba ce.

Ta bakin teku ita ce abin dubawa, musamman dazukan mangurof, itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri, irin na Neja Delta da suka fi na ko'ina girma a Afirka. Saiwoyinsu na rage wa ruwa gudu, sai taɓo ya kwanta, ya danne ganye da matattun saiwoyi. Milimita kaɗan yake hawa a shekara, wato ya fi na tsakiyar teku sauri nesa ba kusa ba. In ka tona za ka ga laka baƙa wuluk mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Warin nan shaida ce cewa babu oksijin a ciki, shi ya sa ruɓa ke tafiyar hawainiya. Mafi yawan kabon ɗin yana cikin lakar ne, ba a jikin itacen ba, zurfinta kuma a wasu wurare ya wuce mita 3.

Rauninta shi ne hannun mutum na kai mata. In aka sare daji aka haƙa kududdufan kiwon jatan lande, kamar yadda aka yi a Indonesiya, lakar ta sha iska, ajiyar ɗaruruwan shekaru sai ta fara komawa sama. Wannan asara ce mai ciwo.

Wajen gyara ma ana kuskure: a dasa a fili mai kwari inda ruwa ke daɗewa a kai, dashen ya shaƙe ya mutu. Abin da ya dace shi ne a fara buɗe magudanan da aka toshe, a auna tudun wurin da na lafiyayyen daji na kusa. Sau da yawa ruwa da kansa ke kawo irin.