Gilashin kyamarar tsaro: mai saitin hannu ko mai daidaita kansa?

Wata takwas ke nan da na kafa kyamarori biyu a ɗakin ajiyar kayana, ɗaya a ciki, ɗaya a waje tana kallon ƙofar shiga. Duka biyun na sa musu gilashi mai ayiris na hannu. Ayiris shi ne 'yar kafar da ke cikin gilashin, tana buɗewa tana tsukewa don ƙayyade hasken da zai shiga, kamar ƙwayar idon mutum. A na hannu zobe ne za ka murza ka bar shi wuri guda. Da lambar F ake auna buɗewar kafar: a F1.4 a buɗe take sosai, a F8 a tsuke. Ƙaramar lamba, babbar kafa.

Ta ciki har yau ban sake taɓa ta ba. Fitilu a kunne suke dare da rana, haske ba ya canzawa, hoto tar. A irin wannan wurin ban ga dalilin neman wani abu daban ba.

Ta wajen ce ta wahalar da ni. Kyamarar gabas take fuskanta. Idan na buɗe ayiris don dare, da hantsi sai hoton ya yi fari fat, fuskar mai shigowa ta ɓace cikin haske. In na tsuke shi saboda rana, da daddare sai duhu da ɗigo-ɗigo. Kyamarar tana ƙoƙarin gyarawa da saurin ɗaukarta, amma abin ya fi ƙarfinta. Ranar da na nemi lambar wata mota a faifan safe na kasa karantawa, ranar na haƙura.

Na sauya zuwa mai daidaita kansa, nau'in DC, wanda ake jona 'yar wayarsa mai fil huɗu a jikin kyamara. Ka tabbatar taka tana da wannan ramin kafin ka saya, don ba kowacce ke da shi ba. Tun ranar farko bambanci ya fito: rana ta haska ya tsuke, hadari ya taso ya buɗe.

Sai dai na yi kuskure ɗaya da nake so kowa ya kiyaye. Da tsakar rana na saita kaifin hoton, lokacin da kafar ke tsuke, na kusa da na nesa duk suna fitowa ras. Da dare ya yi, kafar ta buɗe, sai komai ya yi dishi-dishi. Dole na sake hawa tsani bayan faɗuwar rana na saita shi kafar tana buɗe, tun daga nan bai sake gocewa ba.

Aibinsa ɗaya da na lura: in rana ta ƙwalle yana tsukewa fiye da kima, kaifin hoto ya ɗan ragu. Wannan ne nau'in P-iris, da kamfanonin Axis da Kowa suka ƙirƙiro, yake magancewa, amma sai da kyamarar da ta dace da shi. A ƙofata dai DC ya ishe ni.