GSAP: Darajarsa Tana Fitowa Ne Ranar da Motsi Ya Rikice

Yawancin masu gina shafukan intanet suna yabon GSAP ne saboda santsin motsin da yake samarwa, amma a ganina babban amfaninsa yana bayyana ne lokacin da aiki ya cije. Wannan kayan aikin JavaScript (harshen rubuta shirye-shiryen shafukan intanet) na kamfanin GreenSock ya samo asali tun zamanin Flash, tsohuwar fasahar yin motsi a shafukan intanet. Webflow, kamfanin manhajar gina shafukan intanet, ya sayi GreenSock a 2024, kuma daga 2025 aka bar GSAP kyauta ga kowa, har da ƙarin kayan da a da sai an biya.

Ɗauki misalin maɓallin da ke kumbura idan linzamin kwamfuta ya hau kansa. Mai koyo yakan ƙirƙiri sabon motsi duk sa'ad da linzamin ya shiga ko ya fita, kuma idan mai ziyara ya yi ta kai da kawowa da sauri, motsin sai su yi karo da juna, maɓallin ya kama karkarwa kamar mai jin sanyi. GSAP yana ba da damar a gina motsin sau ɗaya a ajiye shi a tsaye, a kira play() idan linzamin ya shiga, a kira reverse() idan ya fita, ta yadda zai koma daga daidai inda ya tsaya ba tare da tsalle ba.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ScrollTrigger, ƙarin kayan GSAP da ke haɗa motsi da gungura shafi sama ko ƙasa, wanda ya fito a 2020. Da zarar an rubuta markers: true, alamomi kore da ja za su bayyana a gefen allo suna nuna inda motsi zai fara da inda zai ƙare. Da su na gano wani kuskure nawa: ban ƙayyade tsayin wani hoto ba, shi kuwa yana makara wajen saukowa, sai ya ture komai ƙasa bayan an riga an yi awo. Na ƙayyade tsayin, na kira ScrollTrigger.refresh(), magana ta ƙare.

Mai aiki da React, wani kayan aikin JavaScript na gina fuskar shafi, dole ya kula da share tsofaffin motsi, kuma useGSAP, wanda GSAP ya tanada domin React, yana ɗauke masa wannan nauyin. Wanda kuwa abin da yake so bai wuce rubutu ya dusashe ya dawo ba, CSS, harshen tsara kamannin shafi, shi kaɗai ya wadatar da shi.